Moustapha Alassane: bakaniken da ya sa kwaɗi suka yi mulki, suka yi kokawa

A shekarar 2017, gidajen tarihi biyu na birnin Niyok da ke Amurka sun karrama wasu mutane biyu da kwaɗo ya yi wa suna. A watan Yuli, gidan adana tarihin sinima da talabijin na unguwar Queens ya buɗe zaure na dindindin domin Jim Henson, mutumin da ya ɗinka Kermit, koren kwaɗon nan da yaran ƙasashe da dama suka sani a talabijin. Mai ziyara da ya shiga zai tarar da 'yan tsana 47, da zanen hannun mai su, da takardun shirye-shiryensa, har da wurin da zai zura hannu cikin 'yar tsana ya ga yadda take fitowa a allo. Iyalin Henson ne suka ba gidan kayan tun a 2013, kusan guda 500.

Wata biyu kafin nan, a watan Mayu, babban gidan baje kolin fasahar zamani da ake kira MoMA ya keɓe 'yan kwanaki yana nuna finafinan wani ɗan Nijar, Moustapha Alassane. Shi ma kwaɗi ne jarumansa. Nasa kwaɗin sun yi sarauta, sun yi shugabancin ƙasa, sun hau jirgin sama, sun kuma shiga fagen kokawa. Sai dai zauren Henson yana nan har gobe, na Moustapha kuwa an kalla ne aka tashi, aka naɗe tabarma.

Wannan ya kamata ya dami mutanen jihar Maraɗi. A Gabi, kudu da Madarunfa dab da iyakar Najeriya, yara suna ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, suna gina shanu da raƙuma da laka idan gulbi ya janye, kamar yadda iyayensu suka yi. Da damina kukan kwaɗi ke raka su barci. Amma katun ɗin da suke leƙe a wayar yayyensu daga Amurka ko Japan ko Faransa yake zuwa, kuma da wuya a samu wanda ya taɓa gaya musu cewa wani mutum da ya zauna a Tawa ya soma da irin wannan wasan nasu, ya kai shi har inda manyan masana sinima na duniya suke sara masa.

An haifi Moustapha Alassane a 1942, zamanin mulkin mallakar Faransa. Sana'ar da ya fara koya kanikanci ce, kuma duk wanda ya bi aikinsa zai ga hannun bakanike bai taɓa barinsa ba: mutum ne da in bai samu abin da yake buƙata ba, sai ya kwance wani abu ya haɗa shi. Tun yana matashi, kafin ya taɓa riƙe kyamara, ya ƙirƙiro tasa sinimar. Akwati ne da fitila, da zane-zanen da yake yi a kan takarda mai shara-shara, hasken ya ratsa su ya jefa siffarsu a gaban jama'a. Ba wanda ya koya masa. Ya lura ne kawai da abin da haske da inuwa suke yi.

Ƙasar Hausa dai ba baƙuwar wasan 'yan tsana ba ce. Tsofaffi suna tuna masu dabo da ke yawo kasuwa-kasuwa, mutum ya ɓuya ƙarƙashin babbar riga da aka tokare da sanduna, ya fito da ɗiyan dabonsa ta sama suna magana da siririyar murya, suna kwaikwayon malami da karuwa da ɓarawo, jama'a na dariya suna jefa kuɗi. Ga kuma tashe da azumi, ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare. Al'adar sa wa dabba ko ɗan itace bakin mutum, don a faɗi abin da ba a iya faɗa ido da ido, tana nan tun kafin zuwan Nasara. Abin da Moustapha ya ƙara a kai shi ne inji.

Iya zanensa ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH. Wuri ne da a lokacin yake cike da aiki. A 1959 aka kafa gidan tarihi na ƙasa da ƙoƙarin Boubou Hama, wanda gidan ke ɗauke da sunansa a yau, Pablo Toucet kuma ya zama shugabansa na farko. A wannan da'irar Moustapha ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a farkon shekarun 1940 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya koma mai ɗaukar finafinan al'adun mutanen bakin kogin Kwara. Rouch ya ga abin da yaron ke iyawa, ya koya masa sarrafa kyamara, ya buɗe masa ƙofofi. Abotarsu ta haura shekara 40, kuma kamar yadda za a gani, mutuwa ce ta raba su a kan hanya.

A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure, gajeren fim kan yadda saurayi da budurwa suke haɗuwa har a ɗaura musu aure a wani ƙauyen Zabarmawa. Shekarar abin lura ce, don sai a 1963 Ousmane Sembène na Senegal, wanda ake kira uban sinimar Afirka, ya fitar da Borom Sarret. A 1962 ɗin dai Moustapha ya yi La Bague du roi Koda, labarin azzalumin sarki da ya ba wani masunci ajiyar zobe, da sharaɗin in ya ɓata a bakin ransa, sannan ya bi ta hannun matar masuncin ya karɓe zoben ya jefa a kogi. Bahaushe ya san inda labarin zai ƙare, don muna da irinsa game da mutumin da ke cewa babu sarki sai Allah: a cikin kifi zoben ya dawo.

Daga Monreyal zuwa jamhuriyar kwaɗi

Zane mai motsi shi ne abin da ransa ya fi so. Rouch ya taimaka masa ya tafi Kanada, hukumar finafinai ta ƙasar da ke Monreyal, inda Norman McLaren yake aiki. McLaren ɗan asalin Sikotilan ne, ya shahara da yin zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba, kuma ya ci kyautar Oscar da fim ɗinsa Neighbours na 1952. Da wuya a samu malamin da ya fi shi dacewa da bakanike mai ƙaramin jari, don darasinsa shi ne fim ba sai da babban kamfani ba.

Yana da kyau mai karatu ya san nauyin wannan aiki. Fim ba ya motsi, ido ne ake ruɗa. Hotuna ne tsayayyu suke wucewa guda 24 a kowace daƙiƙa. Mai ɗaukar mutane yana kunna kyamara ne su yi ta tafiyarsu. Mai zane kuwa sai ya samar da kowane hoto da hannunsa. Fim na minti 10 yana cin hoto 14,400. Ko da an yi dabarar da masu sana'ar suka saba, ta ɗaukar kowane zane sau biyu, sai an yi guda 7,200. A manyan kamfanonin Amurka ɗaruruwan mutane ke raba wannan aiki. Moustapha da 'yan tsirarun mataimaka ya yi nasa, wani lokaci shi kaɗai.

Daga wannan tafiya La Mort de Gandji ya fito a 1965, labarin sarkin kwaɗi da fadawansa, wanda ya samu kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. Me ya sa kwaɗo? Duk wanda ya taɓa kallonsa da kyau ya san amsar. Ga tumbi, ga faɗin baki, ga kumbura maƙogwaro ana ihu, ga zama daram kamar mai jiran gaisuwa. Ba sai an ƙara masa komai ba ya zama babban mutum. Kuma ba shi da ƙabila, ba shi da jam'iyya, ba wanda zai kai ƙara ya ce da shi ake.

A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, wanda bai wuce minti biyar ba, zanen baƙin layi a kan fari. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, takwaransa na wata ƙasa maƙwabciya ya gayyace shi ziyarar aiki. Shi ke nan labarin: rakiya, jirgin sama, tarba, fareti, duk irin bikin da sababbin ƙasashen Afirka suka gada daga Turawa suka ƙara masa gishiri. Moustapha bai zagi kowa ba. Ya dai sa kwaɗi su yi abin da shugabanni ke yi, da irin tsare gidan da suke yi, ya bar mai kallo da dariyarsa. A yadda ya fara tsara labarin, Sim yana dawowa gida ya tarar an hamɓarar da shi. Wannan ƙarshen bai fito a kwafin da aka saki ba.

Duba shekarar, za ka gane dalili. A ranar 1 ga Janairun 1966 Bokassa ya ƙwace mulki a Afirka ta Tsakiya. Ranar 3 ga wata soja suka karɓi mulki daga Maurice Yaméogo a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Ranar 15 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Najeriya. Ranar 24 ga Fabrairu kuma aka kifar da Kwame Nkrumah na Gana yana kan hanyar ziyara a Asiya, wato daidai abin da ya samu Sim. A Nijar ta jam'iyya ɗaya, ƙarƙashin Diori Hamani wanda shi ma ba baƙon filin jirgi ba ne, nuna shugaban da ya tafi yawo ya dawo ya rasa kujera ba wasan yara ba ne, ko da kuwa kwaɗo ne. Shekara takwas bayan haka, ranar 15 ga Afrilun 1974, Seyni Kountché ya kifar da Diori. Moustapha bai manta da kwaɗonsa ba: a 2001 ya koma kansa da wani fim mai suna Adieu Sim.

Duk a 1966 ɗin ya yi fim ɗin da ya fi yi masa suna a waje, Le Retour d'un aventurier, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin kaboyi na farko a Afirka. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da tsaraba: huluna masu faɗi, takalma, bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan kaboyi, suka hau dawaki suka addabi garinsu, har wasa ya zama jini. Da Faransanci da Hausa aka yi shi. Matasan Yamai na lokacin sun haddace finafinan kaboyi kamar yadda na yanzu suka haddace na Indiya da ake fassarawa a Kano, kuma tambayar da fim ɗin ya yi ba ta tsufa ba: me ke faruwa da yaron da duk mafarkinsa daga allon wasu ya aro shi? A nan Djingarey Maïga ya fara fitowa kafin ya zama mai shirya finafinai, haka ma Zalika Souley, mace ta farko da ta riƙi wasan fim sana'a a Nijar. Ta sha tsangwama a gari, don mutane da yawa ba su raba abin da ta yi a allo da halinta na gaskiya ba. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi. Ta rasu a 2021.

Ya yi dogayen finafinai ma. F.V.V.A. na 1972, wato mace, gida, mota, kuɗi, yana bin wani ƙaramin ma'aikaci da son burga da matsin dangi suka kai shi ga taɓa kuɗin aiki har ya ƙare a kurkuku. Ya samu kyauta a bikin FESPACO na Wagadugu a shekarar da Oumarou Ganda, shi ma ɗan Nijar, ya zama na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin da Le Wazzou polygame. Sai Toula, wanda ya yi tare da Bajamushiya Anna Soehring daga wani labarin Boubou Hama: fari ya addabi ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. An yi shi ne a lokacin babban farin farkon shekarun 1970, masu kallo ba su buƙaci a yi musu bayanin ƙishirwa ba. Ya kuma ɗauki shahararren mai ba da labari na Tawa, Albarka Tchibaou, a fim ɗin Deela, inda ake ganin mai labarin da kansa, ana kuma ganin labarin yana faruwa. Shekara 15 ya yi yana shugabantar sashen sinima na jami'ar Yamai.

Hannu ɗaya, jari daban

Komawa ga Henson zai nuna abin da Moustapha ya rasa. An haifi Henson a 1936 a jihar Misisipi, ya girmi Moustapha da shekara shida kacal. Shi ma da tarkace ya fara: a 1955 ya yanka tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarsa ya ɗinka Kermit, ya raba ƙwallon tebur gida biyu ya yi masa idanu. Bambancin shi ne ya tarar da gidan talabijin na jiran sa. A ranar 10 ga Nuwamban 1969 aka fara shirin yara na Sesame Street, wanda gwamnatin Amurka da gidauniyoyin Carnegie da Ford suka zuba wa kimanin dala miliyan 8 tun a zangon farko, da niyyar koya wa 'ya'yan talakawa haruffa da ƙidaya kafin su shiga makaranta. 'Yan tsanan Henson ne suka riƙe hankalin yaran. Ya rasu a 1990 yana da shekara 53, amma shirin bai tsaya ba. A 2011 ma an fara na Najeriya, Sesame Square, da 'yan tsana biyu, Kami da Zobi.

Abin mamaki, Nijar ta riga Sesame Street tunanin koyar da yara ta allo. Tun a 1964 aka fara talabijin ɗin lakwal da taimakon Faransa, ana watsa darussa zuwa azuzuwan firamare, kuma ƙwararru daga ƙasashe da dama sun zo ganin gwajin. Daga wannan tushe Télé Sahel ta taso a ƙarshen shekarun 1970. Wato ƙasar tana da allo, tana da yara, tana kuma da ɗaya daga cikin gwanayen zane mai motsi na nahiyar, duk a gari ɗaya. Abin da ba a samu ba shi ne kuɗi da shawarar siyasa da za su haɗa ukun su zama shiri na kowane mako, shekara da shekaru. Sayen katun na waje ya fi yin na gida arha nesa ba kusa ba, don an riga an ci kuɗinsa a wasu ƙasashe. Wannan lissafi ne ya yi nasara a kusan duk gidajen talabijin na Afirka.

Dabarar mutanen biyu ma ba ɗaya ba ce. 'Yar tsanar Henson hannu ake zura mata, mai wasa ya ɗaga ta sama da kansa yana kallon ƙaramin allo, ta yi magana nan take. Ta Moustapha kuwa tsayawa take yi a kan tebur. A lanƙwasa mata hannu kaɗan, a ɗauki hoto. A ƙara kaɗan, a ɗauki hoto. Idan wani ya bugi teburin, ko fitila ta canza haske, aikin wuni ya tafi. Taku ɗaya na doki yana iya cin sa'o'i. Aiki ne na mai haƙurin saƙa.

Da wannan dabara ya yi Samba le Grand a 1977, wanda ake yawan kira fim ɗin motsi mai launi na farko da aka yi a Afirka ta kudu da Sahara. Samba jarumi ne da kyan wata gimbiya ya ɗauke masa hankali. Ya nemi aurenta, ta ɗora masa jarrabawa, ya ci, ta ƙara wata, ya ci, har dai ba su haɗu ba sai a mutuwa. Abin kallo a fim ɗin ba labarin ba ne kaɗai. Sutura ce irin tamu a jikin 'yan tsanan, dawakin da adonsu, gine-ginen na ƙasa. Yaron Sahel da ya kalla ba sai an fassara masa duniyar ba, tasa ce aka ƙanƙantar.

Amma wanda zai fi shiga ran mutumin Maraɗi shi ne Kokoa, wato kokawa, wanda ya fara fitowa a 1985, ya kuma sake yi masa aiki a 2001. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ya ɗauka, kokawa ta zama wasan da ke tsayar da ƙasar cak. Ba banza ba filin kokawar Maraɗi yake ɗauke da sunan Kantou. Moustapha ya ɗauki wannan fage ɗungurungum ya miƙa wa dabbobi. Kwaɗi ne suka cika wurin zama, su ne makaɗa. A tsakiyar fili kwaɗo da hawainiya da tsuntsu da sauran 'yan uwansu ke karawa, ƙaguwa na alƙalanci. Wanda ya san kokawa zai ga ba a bar komai ba: zagayen da ake yi kafin a kama, leƙen ƙafar abokin karawa, cika baki, hayaniyar 'yan kallo idan an yi kaye. Kowace dabba kuma da jikin da Allah ya ba ta take faɗa, daga nan dariyar ke fitowa. Minti 13 ne, kuma kusan ba ya buƙatar fassara.

A nan ne gwanintarsa ta fi bayyana, fiye da dogayen finafinan da suka kawo masa kyaututtuka. F.V.V.A. fim ne mai kyau, amma wasu ma sun yi irinsa. Kokawar kwaɗi kuwa ba wanda zai yi ta sai wanda ya zauna a bakin fage ya ƙare wa 'yan kokawa kallo, ya kuma tsuguna a bakin tabki ya ƙare wa kwaɗi kallo.

Shekarunsa na baya a Tawa ya yi su. Lokacin gidajen sinima na ƙasar suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, bidiyo ya shigo, tallafin gwamnati ya ƙafe, da yawa daga abokan tafiyarsa sun ajiye kyamara. Shi otal ya buɗe, ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki, kuɗin kwanan baƙi na ciyar da 'yan tsana. Ya daɗe yana ɗora injin nuna fim a mota ya shiga ƙauyuka, don ya san yawancin 'yan Nijar ba za su taɓa zuwa gidan sinima ba sai sinimar ta je musu. Da kwamfuta ta zo, bai ce ya tsufa ba, ya zauna ya koyi yin zane mai motsi da ita, yana kuma koya wa matasa. A wannan zamani ya fitar da gajerun finafinai irin su Les Magiciens de l'Ader, Agaïssa da Tagimba. Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong sun je har Tawa sun ɗauki rayuwarsa a wani fim da ya fito a 2009.

A ranar 18 ga Fabrairun 2004, motar da ke ɗauke da shi da Jean Rouch da matar Rouch da tsohon abokinsu Damouré Zika ta yi hatsari da dare kusa da Birnin Ƙonni. Rouch ya rasu yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Sauran sun tsira. A 2007, a bikin finafinai na Cannes, Faransa ta ba Moustapha lambar girma ta Légion d'honneur. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, kwana goma bayan rufe bikin FESPACO na shekarar.

Fim ba kamar waƙa ba ne da za a haddace a baki. Zare ne da zafi da ƙura ke ci, kuma yanayinmu ba ya raga masa. Da yawa daga kwafin ayyukan Moustapha suna ajiye ne a Cinémathèque Afrique da ke Paris, daga irin waɗannan rumbuna ake aro su idan za a nuna a Niyok ko wani bikin Turai. Ajiyar ta cece su, wannan gaskiya ne, kuma an gyara wasu an mai da su na zamani. Amma ta sa ɗalibin sinima a Amurka ya fi yaron Gabi sauƙin ganin Kokoa, alhali shi ɗalibin sai an yi masa bayanin mene ne kaye.

Kayan nuna shi ba su da yawa. Farin ƙyalle ne, da ƙaramin injin haska hoto, da lasifika, da batirin hasken rana, sai izinin masu haƙƙin fim ɗin. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta daɗe tana irin wannan yawo a ƙauyukan Nijar da maƙwabtanta, kamar yadda Moustapha ya yi da motarsa. Idan aka haɗa Bon Voyage Sim da Samba le Grand da Kokoa, duka ukun ba su kai minti 35 ba, wato za su shiga tsakanin magariba da isha'i a filin lakwal ɗin kowane gari na gundumar Madarunfa.